Fushin Muroya

Ledar sharar tana hannunsa. Ya riga ya kwance bakinta, ya zura hannu har gwiwa, ya zaro kwalbar man gashi. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar shagona riƙe da tsintsiya. Na san tawa ce, shi ma ya sani, don duk layinmu ni kaɗai ce mai gyaran gashi. Ranar sharar ƙonawa ce, kwalabe kuwa sai Alhamis. Na jingine tsintsiyar na shirya kunnuwana.

Muroya-san ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana, sannan ya dube ni.

"Tomie-san," ya ce, "kwalbar nan tana da kyau."

"Na'am?"

"Ba komai, kowa yana mantuwa. Zan ajiye miki ita zuwa Alhamis."

Ya sa ta a aljihu, ya yi murmushi. Fiye da shekara talatin muna maƙwabtaka a wannan lungu na birnin Amagasaki a Japan, sai ranar na san mutumin yana da wushirya.

Babu wanda ya naɗa Muroya mai gadin sharar layinmu. Tun da ya yi ritaya daga aikin duba layin dogo ya ɗora wa kansa. Da sassafe zai fito da safar hannu da ɗan madatsi na tsintar shara, ya tsaya inda ake tara ledoji, ya ɗaga ragar da ake rufawa saboda hankaki, ya shiga bincike. Idan ya sami gwangwani a cikin ta ƙonawa, sai ya bi diddigin mai ita, ya kai masa ledar har bakin ƙofa, ya danna ƙararrawa, ya tsaya sai an buɗe. Bai taɓa kirana da sunana ba, "ke mai shago" yake ce min. Negishi mai awara kuwa "kan kabewa" ne. Matar Muroya, Fumie, ma ba ta tsira ba, ita "ke" kawai ake ce mata, babu ƙari.

Kafin rana ta yi tsaka labarin kwalbar ya zaga layi. Negishi ya leƙo shagona, hannunsa duk ruwan waken suya.

"Ni ma ya gaishe ni yau," ya ce da ƙaramar murya. "Har ya tambayi lafiyar gwiwata. Tomie-san, me muka yi masa?"

Bayan 'yan kwanaki Fumie ta shigo shagon, ba gyaran gashi ya kawo ta ba. Ta jira na sallami matar da ke kan kujera, ta ja ƙofar ta rufe.

"Ya sayo min furanni," ta ce.

"To, ai abin farin ciki ne."

"Jiya ya ce miyata ta yi daɗi. Miyar da nake yi tun kafin a haifi 'yarmu Sanae. Kuma kin san abin da ya kira ni? Fumi-chan, sai ka ce wata 'yar yarinya." Ta zauna a kujerar ta dafe ƙirji. "Akwai wata. Namiji mai shekara saba'in da ɗoriya ba ya fara wannan sai da dalili."

"Wace mace ce za ta so Muroya-san?" na ce, kafin na kama bakina.

"Ni ma abin da nake tambayar kaina ke nan."

Ta bi shi a ɓoye har sau biyu. Na farko ya je bakin kogi ya zauna yana watsa wa tattabaru burodi, shi da ya sha kai ƙarar masu yin haka. Na biyu ya shiga kanti ya sayi takalmin yara, alhali ba su da jika ko ɗaya a lokacin. Fumie ta dawo ta ce ko dai har da ɗa a waje. Sai da ta buɗe firji ta tarar da takalman a jere kusa da ƙwai, sannan ta daina zancen wata mace. Kafin ta shawo kansa ya je asibiti, sai ga yaron gidan wankan unguwa a guje, wai Muroya-san ya yanke jiki ya faɗi a wurinsu yana cikin sa riga, jikinsa yana ta kakkafewa.

Hoton kai ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, ta gaba, daidai bayan goshi, girmansa kamar ƙwan kaza. Aka yi masa tiyata. 'Yarsu Sanae ta zo daga Sapporo ta yi 'yan kwanaki ta koma bakin aikinta. Da na je duba shi, na tarar an naɗe masa kai da farin bandeji, yana kwance ido rufe. Na ajiye lemun da na kawo a hankali.

Ya buɗe ido ɗaya.

"Ke mai shago," ya ce, muryarsa a dishe. "Ledar lemun nan, roba ce. Kada ki jefa ta a wancan kwandon."

Fumie ta rufe baki da hannu. Ban san ko dariya take yi ko kuka ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Ranar da za a faɗi sakamakon binciken ƙarin, Fumie ta roƙe ni in raka su, ta ce ita idan likita ya fara magana kanta toshewa yake yi. Yayarsa Kikue ma ta zo ba tare da an gayyace ta ba. Tsohuwa ce 'yar firit mai sanda, wadda ta girme shi da shekara shida kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Likitar, Okabe-sensei, mace ce da ba ta wuce sa'ar Sanae ba. Ta juyo da allon kwamfutarta wajenmu.

"Mun aika da ɗan yankin ƙarin an duba ƙwayoyin gadonsa," ta fara.

"Gado?" Kikue ta buga sandarta a ƙasa. "Ba daga wajenmu ba. Gidan Muroya babu mai ciwon kai. Mu ciwon ciki ke kashe mu."

"Yaya, ki bari ta yi magana."

"Sai dai ko abincin da ake ba shi," ta ƙara, tana kallon silin don kada a ce Fumie take nufi.

Likitar ta yi haƙuri da ita. Ta ce ba gadon iyaye take nufi ba. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da rubutaccen umarni na yadda za ta yi aiki, kuma a cikin ƙarin ne kawai rubutun ya gurɓace, can daga baya, da girma. Ba daga uwa ba, ba daga uba ba, ba daga miya ba, kuma Sanae ba za ta gada ba.

"Ai na faɗa," in ji Kikue.

"Labari biyu nake da shi," likitar ta ci gaba. "Akwai wani canji da in an same shi a ƙari, yakan zama mai tafiyar hawainiya. Naka ba shi da shi. Irin mai saurin ne, kuma ko an cire wanda ido ke gani, yakan dawo."

Muroya ya gyaɗa kai kamar an ba shi rahoton tsagewar ƙarfen dogo. "Na biyun fa?"

"Na biyun ya fi daɗi. Maganin da za mu ba ka, aikinsa shi ne ya lalata ƙwayoyin ƙarin daga ciki. Amma kowace ƙwaya tana da mai gyara, wanda ke bin ɓarnar yana ɗinkewa. Idan mai gyaran yana aiki, maganin ba ya tasiri sosai. A naka ƙarin, wata alama ta hau kan umarnin mai gyaran ta liƙe shi. Rubutun yana nan daidai, ba a goge ko harafi ɗaya ba, sai dai ba a karanta shi. Saboda haka mai gyaran ba ya fitowa."

Muroya ya juya maganar a ransa.

"Wato yana nan," ya ce, "sunansa yana cikin ma'aikata, amma barci yake yi."

"Kusan haka ne."

"Kuma wannan shi ne labari mai daɗin."

"Shi ne. Masu irin wannan sukan fi jin magani, sukan fi daɗewa."

"A kaina," ya ce. Kunnuwansa suka yi ja. "Shekara arba'in ban taɓa makara ba. Yanzu a ce rago ne zai tsawaita min rai."

"Ka gode masa mana," in ji Kikue. "Da irinka ne da tuni ya kashe ka."

Da ya tambayi nawa ya rage masa, likitar ba ta kewaya ba. Ta ce shekara da wani abu, wasu sukan wuce haka, wasu ba sa kaiwa. Ya ce to, ya miƙe ya ce shi zai je bayan gida, ya ƙi a riƙe shi. Kikue ta bi shi tana faɗa. Fumie ba ta tashi ba. Ta yi ta murza hannun jakarta.

"Sensei," ta ce, "kafin tiyatar nan ya zama wani mutum daban. Mai fara'a. Yana kirana da sunana." Ta dubi likitar. "Wannan ɗin kuka cire?"

Likitar ta ce ƙarin da kumburinsa sun danne gaban ƙwaƙwalwa, inda hali da kamun kai suke, shi ya sa ya canja. Wasu sukan zama mafaɗata, wasu akasin haka.

"To wanne ne shi?"

"Wannan ba ya fitowa a bincikenmu," ta ce. "Amma idan kika ga halinsa ya sake juyawa, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku dawo da wuri."

Da haka layinmu ya shiga wani irin zama da ban taɓa gani ba. Muroya yana zuwa asibiti ana gasa wurin da na'ura, yana shan ƙwayoyinsa, gashin gaban kansa ya zube ya bar na ƙeya. Da zarar ya sami ƙarfin tsayuwa sai ya koma bakin shara, da hular ulu da madatsinsa. Mu kuwa muka koma sauraron bakinsa kamar masu sauraron hasashen yanayi. Duk wanda ya sha zagi sai ya bi ta ƙofar baya ya kai wa Fumie albishir.

"Yau ya ce min kan kabewa har sau uku," Negishi zai ce, fuskarsa cike da annuri.

"Da ƙarfi?"

"Har matar gidan sama ta leƙo."

"Na gode, Negishi-san. Na gode ƙwarai."

Idan aka kwana biyu bai sami abin faɗa ba, sai hankalin kowa ya tashi. Negishi ya fara jefa gwangwani a cikin ta ƙonawa da gangan. Wani malamin makaranta da ya tare a layin daga baya, mutum mai tsafta da bai taɓa kuskure ba, shi ma ya zo ya tambaye ni wane laifi ya kamata ya yi, don kada a ce bai taimaka ba. Na ce ya fitar da sharar tun kafin ranarta. Ya yi hakan, Muroya ya kai masa ita har ƙofa, ya tambaye shi ko a makarantar tasu ba a koyar da sunayen ranaku. Malamin ya zo shagona yana rawar jiki don murna.

Furannin bazara suka fito suka zube, zafi ya zo ya wuce, sanyi ya zo ya wuce, furanni suka sake fitowa. Duk hoton da aka ɗauka sai a ce babu sabon abu. Sanae ta yi ciki. Kikue ta ce shayin naman gwari, wato laimar kwaɗi, da take kawo masa ne ya yi aiki, ko da yake a tukunyar fure yake juye shi, furen ma ya mutu.

Wata rana da yamma, farkon damina, shagona babu kowa, sai ga shi ya turo ƙofa. Bai taɓa shigowa ba, ya sha cewa wurin mata ne kuma warinsa yana hawa masa kai. Ya cire hular ya zauna, ya ce in daidaita masa abin da ya tsiro. Na ɗaura masa ƙyalle a wuya. Tabon tiyatar ya bi ta saman goshinsa daga kunne zuwa kunne, gashin ya fito wani wuri fari, wani wuri babu.

Ina cikin aiki ya dubi madubi ya ce, "Hannunki yana da laushi, Tomie-san."

Almakashin ya tsaya a hannuna.

"Na sani," ya ce. "Na ji abin da na faɗa. Ya dawo."

"Muroya-san…"

"Tun kwanakin baya nake ji. Na buɗe leda na ga gwangwanin kan kabewa, sai na ji tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, mutumin nan tun asuba yake tsaye a kan gwiwa mai ciwo. Kin ji fa." Ya girgiza kai. "Na nemi fushin na rasa. Kamar mutum ya sa hannu a aljihu ya ji babu makulli."

"Likita ta ce ku koma da wuri."

"Zan koma. Amma Sanae ta kusa haihuwa, Fumie kuma tana ta saƙa safa tana waƙa. Ki bar ta ta gama safar." Ya juyo ya dube ni sosai. "Ki taimake ni. Me nake cewa da, idan kika ajiye kekenki a gaban ƙofata?"

Na ajiye almakashin. Sannan na ce, "Kakan ce, ke mai shago, nan tashar kekuna ce?"

"Nan tashar kekuna ce," ya maimaita a hankali.

"Ba haka ba. Ka ɗaure fuska. Ka ɗaga haɓa. Kuma ba ka jiran amsa, juyawa kake yi ka tafi."

"Haka nake yi?"

"Kullum."

"Kai," ya ce. "Kun sha wahala."

"Wannan ma kada ka faɗa."

Muka yi ta gwaji a gaban madubi har aka fara kunna fitilun layi. Na koya masa yadda yake tsaki, da yadda yake nuna mutum da madatsi, da yadda yake cewa "mutanen yanzu" ta hanci. Ɗalibi ne mai ƙoƙari, sai dai da ya gama zagi sai ya tambaye ni ko bai yi yawa ba.

Washegari ya gwada a kan Negishi. Ina kallo ta tagar shago. Ya zaro gwangwanin, ya ɗaga haɓa, ya daka masa tsawa yadda ya kamata, kan kabewa da komai. Negishi ya sunkuyar da kai cikin jin daɗi. Amma da ya juya zai tafi, sai Muroya ya ɗan rusuna masa, ya ce ya kula da matakala.

Kwana biyu na iya riƙe maganar. Na yi ta tuna abin da likita ta ce, na ga ba ni da hurumin ɓoye wa mace irin wannan. Na bari ya fita yawonsa na bakin kogi, na shiga gidan ta ƙofar baya. Fumie tana zaune a tabarma da zarenta, ƙafa ɗaya ta safar ta ƙare, tana kan ta biyu.

"Fumie-san, akwai maganar da…"

"Ke ce ke koya masa, ko?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Na ji tsakin. Naki ne, ba nasa ba. Nasa ya fi tsawo."

Na zauna.

"Kunnuwansa ba sa ja," ta ce. "Shekara nawa ina kallon kunnuwan nan. Idan fushin gaske ne sai sun yi kamar an dafa su. Yanzu yana ta ihu, kunnuwa fari fat." Ta ƙirga ɗinkinta da ɗan yatsa. "Na riga na buga wa asibiti. Sun matso da ranar. Na ce masa su ne suka canja."

"To in daina?"

"A'a, ki ci gaba. Yana jin daɗin abin. Jiya ya ce min shinkafa ta caɓe, sannan ya saci kallona ya ga ko na yarda. Na ɓata rai na tashi na bar masa wurin." Sai a lokacin ta ajiye zaren. "Shinkafar ma ba ta caɓe ba, Tomie-san."

Hoton ya nuna abin da muka riga muka sani. Ƙarin ya dawo, ya kuma miƙa zuwa ɗaya ɓangaren, inda wuƙa ba ta shiga. Okabe-sensei ta ce ƙwayoyin da suka tsira daga maganin farko ba irin na da ba ne, sun sauya, kuma ga alama a cikinsu mai gyaran nan ya farka. Maganin ba zai ƙara yin aikin da ya yi ba.

"To, gara," in ji Muroya. "Ya isa haka. Mutum ba zai yi ta barci ana biyansa ba."

Likitar ta yi dariya, sannan ta ba da haƙuri, sannan ta cire tabarau ta goge ido.

Aka gwada wani magani na ɗan lokaci, ya ce a bar shi haka, gida yake so. Aka kawo gadon asibiti aka kafa a ɗakin gaba, kusa da tagar da ke kallon layi. Ƙafarsa ta hagu ta daina jin magana, sannan hannun. Ya daina wahalar da kansa da fushin ƙarya. Duk wanda ya wuce sai ya kira shi da sunansa ta taga. Mutanen da suka shekara talatin suna tsallaka titi don kada su haɗu da shi, yanzu su ne ke tsayawa su jingina da tagar suna ba shi labari. Negishi yana kawo awara mai laushi kowace safiya, ya tsaya yana jira, wai ko za a dace.

"Muroya-san, yau na haɗa kwalba da gwangwani da tsohon takalmi a leda ɗaya."

"Ka gaji ne, Negishi-san. Ka riƙa hutawa."

Negishi ya fita yana share hanci da bayan hannu.

Wadda abin ya fi damu ita ce Kikue. Tun suna yara ba su taɓa rabuwa ba tare da faɗa ba, sai ga shi yanzu ta shigo da shayinta, ya karɓa ya shanye, ya ce ya gode, Yaya.

"Ka shanye?"

"Da daɗi."

"Ƙarya kake yi, ni ma na ɗanɗana." Ta buga sandar, ta kira shi da sunansa na yanka. "Tatsuo, ka ce min wani abu mana. Ka ce min tsohuwar banza."

"Ke kika goya ni lokacin ambaliya," ya ce. "Na tuna. Ruwa har ƙirjinki."

Kikue ta juya masa baya, ta shiga yi wa Fumie faɗa a kan ƙurar da ke saman talabijin.

Sanae ta haifi 'ya mace, ta zo da ita tun ba ta yi ƙwari ba. Aka kwantar da jaririyar a gefen hannunsa mai lafiya, da safar ulu a ƙafa duk da zafin da ake yi. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kira Sanae ya ce akwai wasiyya. Muka matso kusa.

"Likita ta ce akwai 'yan ƙarafa a kaina, waɗanda suka ɗaure ƙashin da su," ya ce. "Idan an ƙona ni, ku tsince su daban. Ƙarfe ba ya bin ta ƙonawa."

"Baba!"

"Ranar Laraba ta biyu a wata. Kada ku ba ni kunya."

Wushiryar ta fito. Sanae ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma wani abu, Fumie ta ɗauke jaririyar.

Daga baya magana ta fara yi masa wuya, barci ya yi yawa. Nakan rufe shago da rana in je in taya Fumie juya shi. Wata rana muna gama canja masa riga, tana goge masa wuya da tawul mai ɗumi, sai ya kama hannunta.

"Fumi-chan," ya ce. Kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. "Na ji daɗin zama da ke."

Na yi niyyar fita, amma kwanon ruwan yana hannuna, kuma ƙofar tana bayansu. Fumie ta tsaya da tawul ɗin.

"Baban Sanae," ta ce, "kai ne ke magana, ko abin da ke kanka?"

Ya rufe ido. Na zaci ya koma barci. Can sai ya buɗe.

"Abin bai san ki ba," ya ce. "Jiya-jiya ya tare a gidan."

Fumie ta ninke tawul ɗin, ta sake tsoma shi a ruwan, ta matse, ta ci gaba da goge masa bayan kunne.

Ya rasu da hantsi, farkon kaka, taga a buɗe, mai sayar da gasasshen dankali yana wucewa da kiransa. Fumie tana gefensa, Kikue tana kicin tana mitar cewa wuƙaƙen gidan ba su da kaifi. Babu wani abu da ya faru, numfashin ne ya yi ta nisa da juna har ya daina dawowa.

Mutane sun cika wurin makoki fiye da yadda aka shirya, sai da aka ƙaro kujeru. Mai addu'a daga haikali ya yi karatunsa, muka bi layi muna sa turare. Negishi ya tsaya a gaban hoton, wanda aka ɗauka tun zamanin ɗaure fuska, ya rusuna ya daɗe bai ɗago ba. A wurin ƙona gawa, da aka fito da ƙasusuwan za a tsince su a sa a tulu bisa al'ada, ma'aikacin ya nuna 'yan ƙarafan ya tambaya a hankali ko a ware su. Sanae da uwarta suka dubi juna. Kikue ce ta amsa.

"A sa su ciki," ta ce. "In yana da magana ya zo ya same ni."

Bayan baƙi sun watse, Sanae ta koma Sapporo, sai ga Fumie a shagona wata safiya, gashinta a cukurkuɗe, furfura ta fito a gindinsa. Ta ce ba yanka take so ba, a wanke mata kawai. Na kwantar da kujerar, na sa mata tawul a ƙeya, na gwada ruwan a bayan hannuna. Ban gama sa sabulu ba na ji kanta ya yi nauyi a tafina. Bakinta ya ɗan buɗe, jakarta ta zame daga cinyarta ta tsaya a kan takalminta.

Wata mata ta turo ƙofa. Na ɗaga mata gira, ta koma ta ja ƙofar a hankali. Na rage ƙarfin famfon, na bar ruwan ɗumin yana bin gashin.